Bulalar Masu Ba da Bashi, Daga Kampala Zuwa Magama

Duk wanda ya tsaya a Magamar Jibiya cikin watan Agusta na 2023, ya ga manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin shingen kwastan, albasa tana ruɓewa cikin buhu, 'yan canji kuma suna zaune da damin sefa ba mai tambayarsu farashi, ba ya bukatar malamin da zai fassara masa ma'anar takunkumi. Sojoji ne suka kifar da Shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta rufe iyaka, bankin BCEAO ya riƙe dukiyar gwamnatin Nijar, amma ɗan dako da mai sayar da tuwo a hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi su ne suka yi ta kwana da yunwa har Maris na 2024, aka buɗe hanya alhali sojojin suna nan daram a Yamai.

A cikin wancan wata na Agustan 2023 ne Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda, saboda dokar da Shugaba Museveni ya sa wa hannu a watan Mayu game da masu neman jinsinsu, wadda ta kai ga hukuncin kisa a wasu laifuffuka. Bankin nan shi ne mai yi mana wa'azin sakin kasuwa, shi ya yaba da cire tallafin mai da sakin naira, ya ba Nijeriya rancen dala biliyan 2.25 a Yunin 2024. Wato a nan kuɗinsa lada ne, a Kampala kuwa bulala.

Ba na musun tsananin waccan doka, domin ran ɗan Adam abu ne mai alfarma, kuma fuƙaha'unmu, duk da matsayin da shari'a ta ɗauka a kan wannan al'amari, sun haramta tajassusi, wato leƙen asirin mutane, sun tsananta sharuɗɗan shaida, ba su ba 'yan unguwa ikon ɗaukar sanda ba. Abin da ke damuna shi ne inda bulalar take sauka: kan mai naƙudar da ke jiran a gama ginin asibiti, sa'an nan kan mutanen da aka ce ana karewa, waɗanda ake nuna su da yatsa a ce su suka jawo wa ƙasa talauci. Mun ɗanɗani irin wannan a Yulin 2024, sa'ad da labari ya bazu cewa an sayar da mutuncin ƙasa, wai an amince da masu neman jinsinsu cikin yarjejeniyar Samowa da Nijeriya ta sa wa hannu, hankula suka tashi, aka yi ta huɗuba, kafin jaridar da ta buga shi ta nemi afuwa.

A Yunin 2025 Bankin ya koma ba Yuganda bashi, ya ce ya gamsu da matakan kariyar da aka sa cikin ayyukansa, dokar kuwa ba a soke ta ba.