Kafin a Kira Ɗan Kwangila, a Kira Ɗalibin

'Yan uwa marubuta, akwai wani hoto da muka gaji da gani. An jera kekunan guragu a filin makaranta, an tara kwalaye a kan tebur, babban baƙo ya miƙa wa yaro ɗaya, an tafa, an watse. Wanda ya koma bayan zango ɗaya zai tarar da rabin kayan a sito sun sha ƙura. Sai a ce yaran ne ba su iya tattali ba. Mu kuwa mun ce laifin na wanda ya yi sayayyar ne, domin ya sayi kaya bai san wa zai yi amfani da su ba.

Mu ɗauki na'urar taimaka wa ji. Ba a raba ta kamar goro. Dole sai an auna kunnen kowane yaro an saita masa tasa. Robar da ke shiga cikin kunnen ma sai an riƙa sake ta, tunda yaro girma yake yi. Ga ƙananan batura da kan mutu cikin mako ɗaya ko biyu. Wa ya sa kuɗinsu a kasafi? Ba kowa. Ranar da baturi ya ƙare, ranar na'urar ta zama abin wasa. Kuma akwai kurman da ba ta yi masa komai, shi malamin da ya iya maganar hannu yake nema. To amma malami ba ya shiga kwali, shi ya sa ba a ganinsa a takardar kwangila.

Haka keken guragu. Wanda aka ƙera don simintin asibiti ba ya tafiya a rairayin unguwa, kuma idan ya yi wa yaro girma ko ya matse shi, gyambo zai fitar masa.

A ɓangaren makafi ne abin ya fi ba mu haushi. Sai a narka kuɗi a kan kwamfutoci da manhajar JAWS mai karanta rubutu da murya, a kai makarantar da wuta ba ta zama, alhali NVDA tana irin wannan aikin kyauta tun 2006. Allon rubutun Braille da tsinkensa ba sa neman lantarki, amma sai ka ga yara uku suna jiran allo ɗaya, takarda mai kauri kuma ta ƙare tun tsakiyar zango. Injin Perkins ƙarfe ne mai ƙarko, yana iya shekaru yana aiki in akwai mai buɗe shi ya share ƙurar hunturu. An horar da ko mutum ɗaya?

Za a ce mana ai da babu gara ba daɗi, kuma mai kyauta ba a yi masa ƙorafi. Wannan ba kyauta ba ce. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta mayar da karatunsu haƙƙi. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a 2024. Sayen keke ga yaron da ajinsa ke saman bene, izgili ne.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A zauna da ɗalibi da mahaifiyarsa da malamin ajinsa, a ji wane aiki ne yake gagarar sa: karanta allo, riƙe biro, ko shiga bayan gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba shi kayan ya gwada kafin a sayo da yawa. A ware kuɗin gyara da batura da takarda a cikin farashin tun farko.

Mu ma da namu laifin. A labaranmu, da zarar Alhaji ya ba gurguwa keke sai mu rufe babi da hawayen farin ciki, ba mu taɓa bin ta gida mu ga ko keken ya shiga ƙofar zauren ba. Sannan a wannan zauren namu muna yawan ɗora labari a matsayin hoton shafi. A wajen manhajar da makaho yake karatu da ita, hoto ba rubutu ba ne. Daga wannan makon, duk mai ɗora labari ya ɗora rubutun kansa.