Daga Maiduguri Zuwa Taron Comic Con Na Legas: Abin Da Tafiyar Ta Koya Mini

Tun da na je taron Lagos Comic Con a watan Satumban 2023, abokai ke tare ni a bakin rumfa suna tambayar yadda na yi, wasu kuma suna yi mini dariya wai na ƙona kuɗin jari don in je kallon 'yan katun. To, yau dai bari in amsa wa kowa gaba ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, taro ne na masu sha'awar littattafan zane da finafinan katun da wasannin kwamfuta. An faro shi a Legas a 2012, an kwaikwayo shi ne daga irin wanda ake yi a San Diego ta Amurka tun 1970. A nan ake haɗuwa da masu zanen kansu, irin su mutanen Comic Republic masu Guardian Prime, kuma matasa kan yi shigar gwarazan da suke so. Ni da na taso da Supa Strikas a ƙarƙashin teburin aji, na daɗe ina mafarkin zuwa.

Mahaifina mutumin Damagaram ne, ya zo Maiduguri tun kafin a haife ni, yana sayar da atamfa a kasuwar Monday. Mai karatu bai manta da gobarar da ta cinye kasuwar a Fabrairun 2023 ba. A irin wannan shekara ka tunkari dattijo da zancen jirgin sama, ai ka san amsar da za ka samu. Da na ce masa, "Baba, kuɗina ne na tara, ba na rumfa ba," sai ya ce, "Kai da kuɗin duk nawa ne. Mota ta ƙare a tasha ne?"

A nan ne na saba da shi, kuma har yau ina kan bakana. Ga mutumin Kano ko Kaduna, hawa jirgi zuwa Legas na iya zama ƙawa. Ga mutumin Maiduguri lissafi ne. Tafiyar ta haura kilomita 1,500, kuma farkonta ita ce hanyar Damaturu, ta Auno da Jakana da Benisheikh. A Fabrairun 2020 an kashe matafiya aƙalla 30 a Auno, mutanen da dare ya riske su a bakin shinge suka kwana cikin motocinsu. Mun kuma ga lokacin da babu jirgin ma: bayan harin Disambar 2013 an rufe filin jirginmu ga fasinjoji, sai a 2015 aka dawo. Wanda ya ga wannan ba ya kallon tikiti a matsayin almubazzaranci. Da na tuna masa Auno, Baba shiru ya yi, washegari ya ba ni sunan wani amininsa a Agege.

Shawarata ta farko, wadda ta fi duk sauran: ka tafi da kwana ɗaya a hannu, in da hali biyu. Yawancin tafiyar sai an bi ta Abuja. Maiduguri zuwa Abuja awa ɗaya da 'yan mintuna ne, Abuja zuwa Legas kamar awa ɗaya, sai ka ga kamar za ka karya a gida ka yi azahar a bakin teku. Ni haka na lissafa. Don neman sauƙi na sayi tikiti biyu daga kamfanoni biyu, na bar awa biyu a tsakani. Jirgin farko ya makara da fiye da haka. Ina sauka Abuja na tarar na biyun ya tashi, kuma babu ruwan wannan kamfani da lattin wancan. Sai da na ƙara kuɗi aka sa ni a na yamma. Ba don ranar Alhamis na fito ba alhali taron Asabar ne, da a waya zan kalle shi. In za ka iya, ka sayi tikiti ɗaya daga kamfani ɗaya har Legas, ko da ya ɗan fi tsada. Kuma ka saya da wuri kamar yadda ake sarin kayan sallah, don farashi hawa yake yi in ranar ta matso. Satumba damina ce, hadari na riƙe jirgi. In kuwa tafiyarka ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, hazo ne zai yi maka hukunci.

Sai maganar suna, wadda ta fi shafar irinmu da iyayenmu suka tsallako daga Nijar ko Chadi ko Kamaru. Takardunmu sau da yawa rubutun Faransa ne a jiki: Ousmane a nan, Usman a can; Mahamadou a wannan, Muhammadu a wancan. Kafin ka biya, ka ɗauko katin da za ka nuna a filin jirgi, ka kwafi sunan harafi bayan harafi. Kada ka bar yaron shagon intanet ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Kaya kuma, ga inda na ba da kaina. Na sa wani kafinta ya sassaƙa mini takobin katako, na shafa masa fenti ruwan azurfa, na soke shi a jakar hannu tare da abin rufe fuska. Jama'a, ku hango matashi daga Maiduguri, da takobi da abin rufe fuska, a gaban na'urar bincike! Jami'an ba su yi mini tsawa ba, kuma gaskiyarsu ce: duk abin da ya yi kama da makami, ko na roba ne, babbar jaka ake sa shi wadda za a auna. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a hannunka zai zauna. Humra da turare in ka ɗauko tsaraba, ka naɗe su cikin leda biyu a babbar jaka. Ka duba kilo nawa tikitinka ya yarje maka, don kamfanoni sun bambanta.

Kuma da zarar an ji za ka hau jirgi, saƙo zai fara zuwa. Duk ƙullin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka karɓa, ko na wane ne. Na san da nauyi ka ce wa babba ya kwance kayansa, amma sunanka ne a jikin jakar.

Ni abin da na cika tawa jakar da shi hulunan Zanna Bukar ne guda goma sha biyar. A Agege na sayar da su cikin yini ɗaya, ribar ta biya kuɗin da na ƙara a Abuja har da ragowa. Wannan ɓangaren kaɗai Baba yake ba abokansa labari.

A Legas, ka tabbatar da wace tasha jirginka zai tashi ran dawowa, don na cikin gida biyu ne a Ikeja: MMA2 da tsohuwar da ake kira GAT. Agege kusa take da filin jirgi, akwai 'yan uwa da masallatai da tuwo, amma taron a shekarar da na je a Landmark aka yi shi, can Victoria Island, sai ka haye gadar Third Mainland. Ka fita bayan asuba. Kada ka dogara da acaɓa, tun 2022 aka hana su a Ikeja da tsibirin. Ka sayi tikitin shiga taron ta intanet, ka tafi da ruwa da 'yan canji, kuma ka ware kuɗin komawa filin jirgi a wani aljihu daban kafin ka shiga, domin teburan littattafan nan ba su da tausayi. Ni da littattafai bakwai na fito, da takobina da ya karye a cikin babbar jakar tun a hanya, wanda wani ɗan Inugu mai shigar Naruto ya taya ni ɗaure shi da salatif a bakin ƙofa.