Shigo da Mota ta Iyaka: Takarda Ma Tana Cikin Ciniki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:



Tambaya ɗaya ta yawaita a cikin saƙonninku: mene ne hukuncin wanda ya shigo da mota bai biya kuɗin duwan ba? Na lura mafi yawan masu tambayar sun riga sun taho da amsarsu a aljihu. Sun ji an ce kuɗin duwan mukusu ne, mukusu kuwa haramun ne, saboda haka wanda ya zille masa bai yi laifi ba, kuma suna son liman ya sa musu hannu. Ni kuwa ina ganin tambayar ta tsaya a rabin hanya. Ana tambayar abin da ke tsakanin mai mota da hukuma, an manta da mutum na uku, wato wanda motar za ta ƙare a hannunsa.

Kun san ƙasarmu ba ta da teku. Motar da kuke gani a tashar dillalai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso: daga Turai ko Amurka a jirgin ruwa zuwa Kwatano, sannan ta hau arewa ta Faraku, ta kai Malanbil, ta ƙetare gada zuwa Gaya. Tun da aka rufe wannan iyaka bayan watan Yuli na 2023, kaya da yawa suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗi ya hau. A kudu kuma, Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokinta na ƙasa a farkon 2017, amma kowa ya san daji bai da ƙofa, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko tsakanin Ƙonni da Illela. Akwai motar da ake rubuta mai wucewa ce alhali a nan za ta zauna, akwai wadda ke shigowa da lambar waje da takardar izinin ƴan kwanaki ta shekara uku tana yawo. Ban kawo wannan don koya muku hanya ba, da yawanku kun fi ni saninta. Na kawo shi don ku san na fahimci matsin da ƴan kasuwarmu ke ciki, ba daga kan buzu kaɗai nake magana ba.

Mu fara da mukusun, tunda shi ne hujjarku. Gaskiya ne shari'a ta yi tsanani a kansa. A hadisin matar nan Bagamidiya da ke cikin Sahihu Muslim, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya auna girman tubanta da cewa ko mai karɓar mukusu ya yi irinsa za a gafarta masa, malamai kuma suka fahimci girman zunubin daga nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa haraje-harajen zalunci cikin halayen sarakunan da yake suka. Ba wanda zai share wannan.

Sai dai akwai wani gefen da masu wannan hujja ba su cika karantawa ba. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya sa ma'aikata a kan hanyoyin fatake suna karɓar ushuri. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa yana karɓar rabin ushuri daga fataken Nabaɗawa a kan alkama da mai, don kayan su yawaita a Madina, yana kuma karɓar cikakken ushuri a kan dangin wake. Daga baya manyan malamai irin su Gazali, da Shaɗibi a cikin Al-I'itisam, suka halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu idan baitulmali ya gaza ɗaukar tsaron ƙasa, da sharaɗin adalci da tsayawa a kan gwargwadon buƙata. Ke nan malamai sun bambanta tsakanin abin da ake ƙwata don aljihun mai ƙarfi da abin da ake tarawa don maslahar jama'a. A wane gefe kuɗin duwan na yau ya faɗa? Malaman zamaninmu sun saɓa, ni kuma ina tare da masu cewa a biya, domin ƙasa mai yaƙi a iyakokinta, mai asibitoci da makarantu da albashin da za ta biya, ba ta tsayuwa da iska. Wanda ya ci kuɗin bayan an tara, zunubinsa na kansa.

To amma ku bar ra'ayina a gefe. A ce ma kun bi masu cewa zalunci ne. Ta wace ƙofa za ku zille masa? Ku duba da kyau: kusan babu hanyar zillewa da ba ta bi ta kan wani haramun da ba a yi saɓani a kansa ba. Ko dai a rage shekarun mota ko ƙimarta a takarda, wannan ƙarya ce a rubuce, da sa hannu. Ko a sayi takardar bogi da hatimin bogi, wannan shaidar zur ce. Ko a miƙa wa ma'aikaci abin da zai sa ya kau da kai, wannan rashawa ce, hadisin Abdullahi ɗan Amru kuwa da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa cikin la'ana. Na san malamai sun yi rangwame ga wanda aka tsare masa haƙƙinsa: takardunka cikakku, an riƙe ka a shinge kwana da kwanaki, ba mafita sai ka ba da wani abu. Wannan zunubinsa na wuyan mai karɓa. Amma wanda ya bayar don a rage masa abin da doka ta ɗora masa, bai shiga wannan rangwame ba, shi ya ƙwanƙwasa ƙofar da hannunsa.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya. Motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ba ta daɗewa a hannun wanda ya shigo da ita. Sayar da ita zai yi. Mai sayen kuwa galibi ba babban ɗan kasuwa ba ne, shi ya san takarda kamar tafin hannunsa. Malamin makaranta ne da ya yi shekaru yana adashi, ko direban da ya sayar da gonar gado don ya samu ta haya, ko gwauruwar da aka ba shawarar ta juya dukiyar marayu. Ya duba inji, ya duba taya, ya kai wa makanike ya ce lafiya lau, ya biya. Wata shida, shekara ɗaya, sai a tsayar da shi a hanya, a duba, a ce motar ba ta biya duwan ba. A ajiye ta. Kuɗin da mai shigowa ya ce ya tsira da shi daga hukuma, ga shi ya faɗo kan wannan bawan Allah, da tara a kai, ko motar ta tafi gaba ɗaya. Ina tambayar mai hujjar mukusu: wa ka zalunta a nan? Hukuma ta karɓi nata. Maƙwabcinka ne ya biya, mai yiwuwa a sahu ɗaya kuke sallar asuba.

A fiƙihun da muka karanta, tun daga Risala ta Ibnu Abi Zaidin har Muhtasar na Halil, aibi shi ne duk abin da ke rage ƙimar haja ko amfaninta, wanda da mai saye ya san da shi da bai saya a wannan farashi ba. Ɓoye shi tadlisi ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da haja ya karɓi kuɗinsa. Mutanenmu sun ɗauka aibin mota a ƙarfe kawai yake. A'a. Motar da ba za ka iya fita da ita daga gari ba sai gabanka na faɗuwa, ba za ka iya yi mata takardar mallaka da sunanka ba, aibinta ya fi na mai zubar da baƙin mai, domin wannan makanike na gyarawa. Takarda a yau wani sashe ce na motar, kuma wajibi ne a bayyana halinta kafin a ƙulla ciniki, ko mai saye bai tambaya ba. Kalmar nan ta dillalai, “yadda ka gan ta haka ka saye ta”, ba ta wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Dillalin da ya sani ya yi shiru don kada la'adarsa ta kuɓuce, shi ma yana da rabonsa a zunubin.

Haka hukuncin yake ga mayar da lissafin kilomita baya, da motar da ta yi mummunan hatsari ko ruwa ya shanye ta a ƙasar da ta fito, aka saye ta a gwanjo, aka daddaɓe, aka fesa fenti, aka ce sabuwar shigowa ce tsaf. Kun san labarin tarin abincin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, da abin da ya faɗa wa mai shi game da algus. Fenti a kan tsatsa shi ne busasshen da ke sama.

Mafi muni duka ita ce motar sata. Kada wanda ya ce bai san ana ƙwace motoci da bindiga a ƙetaren iyaka ana shigowa da su, ana goge lambar shasi a buga wata ba. Wata motar an zubar da jinin mai ita kafin ta iso. Idan aka kawo maka mota a rabin kuɗinta, da dare, mai ita yana sauri, takarda kuma “tana nan tafe”, kai ma ka san abin da zuciyarka ta faɗa maka. Sayen abin da ka san na sata ne, ko zatonka ya rinjaya a kan haka, haramun ne, kuma ba ya mallaka maka shi. Hukuncin istihƙaƙi a fili yake: mai abu yana karɓar abinsa duk inda ya same shi idan ya tabbatar, kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka, in ka gan shi. Don haka kafin ka biya, ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke takarda, harafi da harafi, galibi guda 17 ne. Ka je ofishin duwan da ƙafarka a tabbatar maka da takardar biyan, kada ka wadatu da hoton da aka turo maka ta waya. A rubuta ciniki, a sa shaidu. Wannan ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne. Ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani, rubutu da kafa shaida take koyarwa.

Kalma guda ga waɗanda ake ba kuɗi su je Lome ko Kwatano su sayo wa wani mota. Kai wakili ne, kuɗin amana ne a hannunka. Ka faɗi ladanka tun kafin ka tashi, a yarda. In ka samu ragi a can, na mai kuɗi ne. In ya ba ka kuɗin duwan cikakke ka biya rabi ka shigo ta daji, ka ci amana sau biyu: ka ci kuɗinsa, ka kuma miƙa masa wuta a cikin zane.

Ba zan bar ƴan'uwanmu ma'aikatan duwan da masu tsaron hanya ba, don na san akwai su a wannan zaure, cikinsu kuma akwai masu tsoron Allah. Ku tuna ƙissar Ibnul Lutbiyya da ke cikin Buhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware abin da ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka a gaban jama'a. Abin da aka ba ka saboda kakin da ke jikinka ba kyauta ba ne, ko an kira shi goro, ko an kira shi na shayi. Ga masu tsara kuɗin kuma, nasiha ce da ladabi: Sayyidina Umar ya rage don kaya su shigo. Idan kuɗi ya yi nauyin da mai gaskiya ba ya iya ɗauka, kuma ba a bayyana shi a fili yadda kowa zai san abin da ke kansa tun kafin ya sayo, to an tura mutane daji, baitulmali ya yi asara, masu shinge suka ci riba. Wannan ba ya halatta wa ɗan kasuwa ƙarya, amma mai tsarawa ma za a tambaye shi.

Saura wanda ya riga ya aikata yana neman mafita. Idan motar tana hannunka, ka je ka daidaita takardunta, ko ka bayyana halinta ga duk wanda zai saya, ya rage abin da zai kashe daga farashi, ya shiga da saninsa. Idan ka riga ka sayar ka ɓoye, istigfari shi kaɗai bai isa ba, domin haƙƙin bawa ne. Ka nemi mutumin ka gaya masa gaskiya, ka ba shi zaɓi: ko ka biya kuɗin da ya rage a kan motar, ko ka karɓe ta ka mayar masa da kuɗinsa. In an riga an kama ta ya biya, ka mayar masa da abin da ya biya har da tarar. In ya rasu, magadansa ne masu haƙƙin. Wanda kunya ta hana shi zuwa da kansa, ya samu limamin unguwarsu ko wani dattijo amintacce ya kai saƙon, ba sai kasuwa ta ji ba.