"Ba haka yake a littafi ba": in an ɗauki labarin da muke so aka mai da shi fim

Wannan magana kun sha jin ta a fada ko wurin mai shayi, daga Zango har Birni, daga Mirya har Magarya. An zauna ana kallon sabon fim a waya, sai wani ya ture kofi ya ce: "Kai, ba haka yake a littafi ba!" Daga nan gardama ta tashi.

Mu a nan Damagaram da kunne yawancinmu muka san littafi. A rediyo aka karanta mana, ko muka sa aka tura mana a waya, musamman littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu aljanu da bokaye da takubban tsafi. Mai ji da kunne shi ke ƙera fuskar jarumi a ransa. Ya yi wata uku yana noma ko yana tuƙin kabu-kabu da wannan fuska a kansa. Ran da aka kawo masa ɗan wasan da ya gani jiya yana rawa a wani fim, aka ce ai wannan ne jarumin, dole ransa ya sosu.

Masu shirya fim a Kano suna da nasu uzuri, kuma ba duka ne ƙarya ba. Marubuci yana tada rundunar aljanu dubu da alƙalami, ko dala bai kashe ba. Mai fim sai ya biya kowane doki. Ga hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, dole a bi ta kanta. Ga kasuwar YouTube, inda yawan kashi ke kawo kuɗi, shi ya sa labarin da zai ƙare a kashi goma sai a yi ta jan sa kamar igiyar guga. Wannan na ƙarshen kam ba mu karɓe shi uzuri ba. 'Yan'uwanmu da ke Turai da Amurka sun ga irin wannan rigima a 2019, da mutum fiye da miliyan suka sa hannu a intanet wai a sake ɗaukar zangon ƙarshe na Game of Thrones, bayan fim ɗin ya wuce inda littattafan suka tsaya.

Amma misalin da ya fi kusa da mu a gida yake. Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba da ya yi siyasarsa a nan Zinder, ya yi gudun hijira, ya sha ɗauri, shi ya rubuta littafin Sarauniya da Faransanci, aka buga a Paris a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Bule da Shanuwan (Voulet da Chanoine) a watan Afrilu 1899. Littafi ne cike da asiri da iskoki da damisa, kuma da yawa cikinmu a lakwal muka fara haɗuwa da shi. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

To ina matsalar? A Nijar aka shirya ɗaukar fim ɗin, amma a zamanin mulkin Seini Kunce aka rufe masa ƙofa, sai Burkina ta Sankara ta buɗe tata. Can aka ɗauka. Ai Keita, 'yar Burkina, ita ta fito a Sarauniya, kuma ta yi ƙoƙari ƙwarai, ba mu rage ta da komai ba. Sai dai harsunan fim ɗin Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Wato Ba'azna na Lugu zai zauna ya kalli kakarsa tana magana, sai an yi masa tafinta. Wannan canji ya fi cire babi ɗaya ko ƙara waƙa nauyi. Kuma kafin mu tuhumi Hondo, mu tuna a gidanmu aka hana shi.

Akwai wani gefen da masu cewa "a bi littafi sak" ba su cika dubawa ba. Shi kansa littafin canji ne. A Lugu, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada har yau, mai riƙe da shi tana zaune cikin ɗakinta, ba ta yawan fita. Mamani ya ɗauki ɗan abin da baki ya adana, ya gina mata ƙuruciya, ya ba ta baka da kibiya, ya tsai da ita gaban mayaƙa, domin yana son Nijar ta samu jaruma da za ta yi tinƙaho da ita. Ya kuwa yi nasara. Yau in ka tambayi ɗan lakwal wace ce Sarauniya, ta Mamani zai faɗa maka, ko ta Hondo. Ta tsofaffin Lugu ita ce ta uku, alhali ita ce ta fari.

A ganinmu nan ne fushin mai karatu yake da hujja. Kwafin littafi nawa ne a Tanut ko Dungas? Amma waya tana aljihun kowa. Abin da fim ya nuna shi zai zauna a kan yara, ya danne na takarda da na baki. Don haka abin da za mu nema daga masu shirya fim ba shi da yawa: a rubuta sunan littafi da marubucinsa a fili, a biya shi haƙƙinsa, in an juya ƙarshen labari a faɗa tun farko cewa an juya. Harshe da gari kuwa kada a taɓa su sai da dalili mai ƙarfi.

Maganar ba ta da nisa da ƙofarmu. Rundunar nan da ta ƙone Lugu ita ce ta doso gabas. Bayan Bule da Shanuwan sun mutu a hannun sojojinsu kusa da Tasawa, ragowar suka gwabza da Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini ƙarshen watan Yuli 1899, suka shiga Zinder. Labarin nan yana bakin makaɗan fada da dattawan Birni, kuma duk mai neman abin fim zai gan shi wata rana. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, a hanyarsa daga Zinder zuwa Yamai, ba za mu iya tambayarsa komai ba. Dattawan Birni kuwa suna nan, kuma wayar da muke kallon fim da ita tana ɗaukar murya.