Dashen Ƙoda: Aikin Likita Na Yini Ɗaya Ne, Na Jama'a Kuwa Na Shekaru

Sanin kowa ne cewa ciwon ƙoda yana daga cikin cututtukan da ke talauta gida tun kafin su kai mai su kushewa. Mutumin da ƙodojinsa suka daina aiki hanya biyu ce a gabansa. Ko dai a riƙa tace masa jini da na'ura, watau wankin ƙoda, sau uku a mako, kowane zama wajen awa 4, ko kuwa a dasa masa ƙodar wani. A wannan ƙasa an fara yin dashen ƙoda cikin nasara a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000. A 2002 Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi sahu, haka ma na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Saboda haka yanzu ba lalle ne sai an ƙetara zuwa Indiya ko Masar ba. Amma fa abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ranar da aka fito da majinyaci daga ɗakin tiyata, ranar ce ainihin ɗawainiya take somawa.

Dalili kuwa shi ne jikin ɗan Adam ba ya maraba da baƙon abu. Da zarar an dasa masa ƙodar wani, sai garkuwar jiki ta ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, ta tasar mata da yaƙi. Dashen farko da ya ɗore a duniya, wanda Dokta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a 1954, ya yi nasara ne domin tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Ga sauran mutane kuwa sai da maganin da zai kwantar da garkuwar jiki. Shi kuma wannan magani kaifi biyu gare shi: yana kare sabuwar ƙoda, yana kuma buɗe wa ƙananan cututtuka ƙofa. Mutumin da Dokta Christiaan Barnard ya fara dasa wa zuciya a Afirka ta Kudu a 1967 kwana 18 kawai ya yi, ciwon huhu ya kashe shi, alhali zuciyar tana aikinta. Sai da aka samu maganin cyclosporine a farkon shekarun 1980, daga baya kuma tacrolimus, sa'an nan dashe ya zama abin dogaro.

To, waɗannan magunguna ba a daina shan su muddin ƙodar tana jiki. Ana shan su safe da dare, a kan lokaci, ba fashi. Daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka duk faɗuwar da Naira ta yi, musamman tun daga 2023, a kan majinyaci take ƙarewa. Ga zuwa asibiti a kai a kai cikin watannin farko don gwajin jini. Ga tsabtataccen ruwa da abincin da ya dahu sosai. Daɗin daɗawa, gidan da aka yi dashe majinyata biyu ne a cikinsa, domin wanda ya ba da ƙodar, ko ɗan'uwa ne ko mata ko miji, shi ma an yanka shi, kuma sai ya yi makonni bai ɗauki kaya mai nauyi ba.

A ɗauki misalin magidanci ɗan Arewa mai aikin gadi ko tuƙin mota a Legas, wanda matarsa ta ba shi ƙodarta. Su biyu suna kwance. Albashi ya tsaya, ƙaramar sana'ar uwargida ta tsaya. Kuɗin haya bai tsaya ba, kuɗin makarantar yara bai tsaya ba. Gonar gado da 'yan shanu an riga an sayar wajen wankin ƙoda da biyan tiyata. Dangi kuwa suna can Mubi ko Gashuwa ko Zangon Kataf, tafiyar yini da kwana. Wa zai ɗebo ruwa? Wa zai kai yara makaranta? Wa zai sayi maganin wata na uku, da na bakwai, da na ashirin?

A nan ne ya kamata a dubi yadda majami'un da ke sujada da Hausa a biranen Kurmi suke riƙe nasu. Ikilisiyoyi irin su ECWA, da COCIN, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya wadda ta samo asali a Garkida a 1923, sun bi 'ya'yansu har Kudu, kuma sun zo da tsarin da suka saba da shi a gida. Akwai dattawan ikilisiya, akwai Zumuntar Mata, akwai ƙungiyar matasa da ta mawaƙa, kowace da shugabanta da magatakarda da ma'aji. In ciwo ya kwantar da wani, ba sai an kafa sabon kwamiti ba. Mata su raba kwanaki tsakaninsu, wannan ta yi girki yau, waccan ta yi wanki gobe. Matasa su ɗauki aike da rakiya zuwa asibiti. A ware baiko na musamman ranar Lahadi. In akwai ma'aikaciyar jinya cikin jama'ar, ita ce za ta riƙa leƙawa ta ga ko ana shan magani daidai.

Ba wai mutanen majami'a sun fi kowa tausayi ba ne, ba kuma sun fi kowa dukiya ba. Yawancinsu masu gadi ne, da 'yan sanda, da sojoji, da ƙananan ma'aikata. Abin da ya ba su ƙarfi abu uku ne. Na ɗaya, suna da rajista, sun san wane ne nasu da inda yake kwana. Na biyu, suna haɗuwa kowane mako, don haka maganar majinyaci ba ta shiga kwandon mantuwa. Na uku, abin da aka tara akan rubuta shi, a karanta a gaban jama'a. Taimakon da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba yankewa shi ne ya dace da ciwon da ba ya ƙarewa. Gidauniyar yini ɗaya, wadda za a tara manyan baƙi a yi alkawuran da rabinsu ba za a cika ba, tana iya biyan likita, amma ba ta iya riƙe ƙoda shekara goma.

Duk da haka, akwai wuraren da ƙauna kan rikiɗe ta zama cuta, kuma wajibi ne a faɗe su. Al'adar dubiya, inda mutum ashirin za su cika ɗaki ɗaya suna gaisawa hannu da hannu, haɗari ce ga wanda aka kwantar wa garkuwar jiki. Murar da ba ta hana lafiyayye zuwa kasuwa tana iya mai da shi gadon asibiti. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma a watannin farko ya fi kyau ƙafar ta tsaya a bakin ƙofa, a miƙa abin da aka kawo, a yi addu'a daga nesa. Mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida ya aiko da saƙo.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni, watau masu cewa tun da an yi addu'a an warke, a ajiye magani don nuna bangaskiya. Duk malamin da ya faɗi haka, ko a majami'a ko a wani wuri, ya ɗauki alhakin rai biyu: na wanda zai rasa ƙodar da na wanda ya sadaukar da ita. Haka nan masu kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe, da masu miƙa ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, su sani suna iya lalata aikin miliyoyin Naira. Ko azumi ne, sai likita ya yarda. Sa'an nan a kiyaye mutuncin iyali. Ba daidai ba ne a riƙa tsai da su gaban jama'a kowane mako ana lissafa talaucinsu.

Wannan darasi bai tsaya ga Kirista ba. Al'ummar Arewa a Sabo ta Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal ba su rasa tsari ba. Akwai fadar Sarkin Hausawa, akwai kwamitocin masallatai, akwai ƙungiyoyin 'yan kara, da 'yan goro, da 'yan canji, da 'yan gwari, ga kuma adashi da kowa ya iya. An kuwa shaidi waɗannan al'ummomi da saukar baƙo da suturta gawarsa. Abin da ya rage shi ne a ba mai doguwar jinya irin kulawar da ake ba mamaci. Kowace ƙungiya ta buɗe asusun jinya na dindindin, da amintattu uku masu sa hannu. Kuɗin magani a biya shi kai tsaye a kantin magani mai rajista, domin jabu ya yi yawa. A sa wanda ya ba da ƙoda cikin lissafi har ya koma bakin aikinsa. A kuma yi wa mambobi rajistar inshorar lafiya, tun da dokar 2022 ta wajabta ta ga kowa, tare da tambayar abin da take biya da wanda ba ta biya.

Ta fuskar addini ma hanya a buɗe take. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da su. Paparoma John Paul na Biyu ya yabi kyautar gaɓa a jawabinsa na Roma a 2000. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki. Ba a manta ba yadda kotun Ingila ta ɗaure tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8 a 2023, kan kai wani saurayi mai talla a titunan Legas zuwa Landan don a cire ƙodarsa. Samarin Arewa masu tura baro da ɗinkin takalma a Kurmi su ne irin waɗanda dillalan ƙoda ke farauta. Al'ummar da ta tsaya wa mai ba da ƙoda don Allah ta rage wa wannan mummunar kasuwa ciniki.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita ya iya yanka da ɗinki, amma ba shi zai ɗora tukunya ba, ba shi zai biya haya ba. Majami'u sun nuna cewa talakawa masu tsari suna iya riƙe iyali har ya miƙe. Ya rage ga sarakunan Hausawa, da limamai, da fastoci, da shugabannin kasuwanni su zauna tun ciwo bai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Allah ya ba majinyata lafiya, ya kuma saka wa masu jinya da alheri.