Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman afuwa tun da farko, domin maganar da zan yi ta shafi abin da ba a cika faɗa a gaban manya ba, wato bayan gida. Dalili ne ya sa. Bara waccan na rasa kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shekara 52. Ya yi wajen shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, kowa ya ji sai ya ce basir ne. Babu irin gari da jiƙon da bai sayo a tasha da kasuwa ba. Da ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa, aka kai shi babban asibiti. Likita ya ce sankarar hanji ce, kuma ta riga ta kama hanta. Bai ƙara wata biyar ba.

Tun daga nan na dami malaminmu na ilmin halittu da tambaya, na kuma shiga karance-karance. Abin da na fahimta shi ne, wannan cuta ba rana ɗaya take sauka ba. Sannu a hankali take ginuwa, shekara da shekaru, saboda haka akwai lokacin tarar ta ga wanda bai yi sakaci ba.

Ga yadda abin yake. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Fatar da ta shimfiɗe cikin hanji tana goguwa da abinci kullum, don haka takan sabunta kanta cikin kwana biyar ko ƙasa da haka. A jikinta akwai ƙananan ramuka birjik. A gindin kowane rami ake haifar sababbin ƙwayoyi, su riƙa hawa sama, in sun kai baki su zube, wasu su maye gurbinsu.

To, ƙwaya ba ta rabuwa gida biyu don ganin dama, sai an aiko mata da saƙo. Mu ɗauki misali da makarantarmu. Shugaban makaranta yakan ba malamin da ke kan aiki umurni, malami ya gaya wa ɗalibi mai kaɗa ƙararrawa, a kaɗa, mu fito. In an gama sai a ajiye ƙararrawa, kowa ya koma aji. Haka saƙon girma yake tafiya: ya iso ƙofar ƙwaya, wannan furotin ya miƙa wa wancan, har ya kai cibiyar ƙwaya inda aka ajiye ƙwayoyin gado. Amma ku yi tunanin ranar da mai ƙararrawa ya kama kaɗawa ba ji ba gani, ba wanda ya sa shi, ba kuma mai iya karɓe ta daga hannunsa. Makarantar za ta zauna lafiya?

Hanya ta farko da masana suka fi ambata sunanta Wint. A cikinta akwai wani furotin, bita-katenin, wanda shi ne ɗan aiken da ke shiga cibiya ya ce a rabu. Akwai kuma wani mai suna APC, aikinsa shi ne taimakawa a kawar da ɗan aiken nan da zarar babu saƙo. Idan ƙwayar gadon da ke yin APC ta lalace, sai bita-katenin ya taru, ƙwayoyi su yi ta rabuwa a wurin da ya kamata su tsaya. Daga nan wani ɗan tsiro yake fitowa a jikin hanji. An gano ƙwayar gadon APC a 1991, kuma ana samun ta a lalace a wajen 8 cikin kowace sankarar hanji 10.

Wannan tsiro bai zama sankara ba tukuna, sai wasu ɓarnace-ɓarnacen sun biyo baya. Akwai hanya ta biyu mai farawa daga wata ƙofa da ake kira EGFR, ta bi ta kan furotin KRAS. Shi KRAS kamar makunnin lantarki yake, a kunna a kashe. A wajen 4 cikin 10 na masu cutar, makunnin ya maƙale a kunne. Sai kuma p53, mai gadin da ke tsayar da ƙwayar da ta lalace, ko ya sa ta mutu. In shi ma ya faɗi, tsiro ya sami sarari, ya huda jikin hanji, ya bi jini zuwa hanta ko huhu. Wasu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Eric Fearon da Bert Vogelstein, su ne suka tsara bayanin wannan tafiya ta mataki-mataki a 1990. Daga ɗan tsiro zuwa sankara yakan ɗauki shekara 10 ko fiye.

Sanin waɗannan hanyoyi ya taimaki likitoci. A 2004 Amurka ta amince da wani magani, Cetuximab, mai toshe ƙofar EGFR. Daga baya aka lura ba ya amfanar waɗanda KRAS ɗinsu ya maƙale. Dalili a fili yake: in mai ƙararrawa yana kaɗawa don kansa, rufe ofishin shugaban makaranta ba zai sa a yi shiru ba. Shi ya sa ake gwada KRAS kafin a ba da maganin. To, idan maganin da aka yi shekaru ana bincike a kansa sai an yi gwaji kafin a san wanda zai yi wa aiki, ina ga garin da ake ƙullawa a leda, a ce yana maganin basir da shawara da sanyi duk a lokaci ɗaya?

Na san wani zai ce yawancin jinin da ake gani basir ne ko atuni. Gaskiya ne. Amma mai sayar da magani a tasha ba ya iya rarrabewa, mai ciwon kansa ma ba ya iyawa, kuma mutum yana iya samun basir da sankara tare. Wani zai ce cutar Turawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.9 suka kamu da ita a 2020, fiye da 900,000 kuma suka mutu, kuma ba ta bar wata nahiya ba. A wannan shekarar ta kashe ɗan wasan fim ɗin nan baƙar fata na Amurka, Chadwick Boseman, yana da shekara 43. Wani kuma zai ce gwajin akwai tsada, na'urar leƙa hanji ma sai a manyan asibitoci. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma wajibi ne hukuma ta dube shi. Sai dai kuɗin da kawuna ya kashe a jiƙe-jiƙe cikin shekara biyu ya isa ya kai shi gaban likita sau da yawa.

Bambancin zuwa da wuri da zuwa a makare ba kaɗan ba ne. A Amurka, wajen 9 cikin 10 na waɗanda aka gano cutarsu tun ba ta fita daga hanji ba suna nan da rai bayan shekara biyar. Waɗanda ta riga ta bazu zuwa sassa masu nisa kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Idan ma tun yana tsiro aka gan shi, likita kan tsinke shi a lokacin da yake leƙa hanjin, magana ta ƙare. Shi ya sa a 2021 aka ba da shawara a can cewa kowa ya fara gwaji tun yana shekara 45, ko da lafiyarsa ƙalau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in an ga jini a bayan gida, ko yanayin bayan gida ya canza har makonni, ko rama ba dalili, ko yawan kasala da ƙarancin jini, a tafi asibiti. Wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suka taɓa yin cutar, ya gaya wa likita, domin wani irinta ana gadonsa. A riƙe wake da gero da dawa da ganye, a rage jan nama da naman gwangwani, a guji taba da giya, a riƙa motsa jiki.

Mu kuma ɗalibai, kada mu bar darasin ƙwayoyin halitta ya tsaya a takardar jarrabawa. In mun je hutu mu yi wa na gida bayani cikin ladabi. Na sha jin kawuna yana ƙorafin basir a zaurenmu, ban ce komai ba, domin ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu ni da ku mun sani.