Suna Linzami Ne, Amma Ba Ya Biyan Kuɗin Haya

Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa Azare, kuma ita ce matashin ƙasar Katagum mai sha'awar wasan kwaikwayo ke bi idan ya ƙudurta zama tauraro. Sau da yawa burinsa guda ne: a san fuskarsa, a kira sunansa a kasuwa. Wannan buri ba laifi ba ne, sai dai tarihin sana'ar ya nuna cewa suna kaɗai ba ya riƙe mai shi.

Magabatan wannan sana'a da aikinsu aka san su. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shafe shekaru yana wasa a rediyo da talabijin na Kaduna har sunan Samanja ya danne nasa na yanka. Haka Rabilu Musa ya ɓace cikin Ibro har rasuwarsa a 2014. Kannywood kanta daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta tsiro, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. A irin waɗannan ƙungiyoyi ɗan wasa kan koyi haddar magana, sarrafa murya da haƙurin jiran lokacinsa.

Yau lissafin ya juye. Yawan mabiya a TikTok da Instagram ya zama takardar shaida, kuma rigimar wanda hotonsa zai fi girma a fosta ta fi ta yarjejeniyar biya zafi. Hirar da Ladin Cima ta yi da BBC Hausa a 2022, inda ta ce 'yan dubban nairori ake sallamarta da su bayan shekaru masu yawa tana aiki, ta isa darasi. Kowa ya san fuskarta, amma sanin bai sama mata matsuguni ba. Ɗan wasan da girman kai ya hana shi tambayar nawa za a biya shi, furodusa ne ke cin ribar alfaharinsa.

A nan hukumomin tarayya ke da rawar takawa. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos, wadda Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa ke ƙarƙashinta. Ya kamata hukumar ta fitar da samfurin rubutacciyar yarjejeniya da kowane ɗan wasa zai iya nema kafin ya hau aiki. Ya kuma dace ta kai gajeren horo garuruwa irin Azare, inda Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau suke da ɗalibai da zauruka.

Matashin da ya koyi sana'ar a gida zai isa Kano ya san darajar aikinsa da farashinsa. Wanda ya tafi da burin suna kawai, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa.